Sikelin Injiniya Rusau

Duk Nairobi babu mai ƙwaƙwalwa irin ta Injiniya Festus Gathogo, shi da kansa ya sha tabbatar mana da haka. Mu a ofis Rusau muke ce masa, a bayan idonsa.

Kamfaninmu sikelin awon madara yake ƙerawa, mai aika nauyi zuwa wayar manomi ta iska. Aibinsa ɗaya, yana cikin aikawa sai ya katse. Har Mama Nyokabi, shugabar masu shanun Kinangop, ta ce in ba a gyara ba za su canza kamfani, mu kuma mu koma gida.

Rusau ya leƙa tsohuwar manhajar da ke haɗa sikelin da wayoyi, ya toshe hanci. Shekara da shekaru ana yi mata faci, wannan don wayar nan mai layi uku, wancan don wadda ta taɓa faɗawa bokitin madara.

"Wannan ai tsumma ne!" in ji shi. "Ni na yi muku kama da tela? A share ta kaf, mu rubuto sabuwa fil!"

Da hannunsa mai albarka ya goge ta, har da yanka kek. Muka shafe watanni muna rubutu, shi yana zana kibiyoyi a allo yana cin fanken mandazi. Gwaji kuwa da wayarsa mai tsada kaɗai aka yi, wai ilimi ba ya hulɗa da waya mai fasasshen gilashi.

Da aka kai wa manoma, ya tara mu yana hura hanci. "Jama'a, ko sau ɗaya bai katse ba!"

Gaskiya ya faɗa, bawan Allah. Abin da bai haɗu ba, ta ina zai katse? Duk wayoyin duniya sikelin bai san kowace ba sai ta Rusau.

Mama Nyokabi ta zo da takalmin robarta, ta saurari jawabinsa har ƙarshe.

"To ɗana, tunda da wayarka kaɗai yake magana, da asuba ake kawo madara. Ka taho da rigar sanyi."

Yanzu haka yana Kinangop, tsaye cikin kashin shanu da kwat da laktaye, ya ɗaga waya sama. Ya buga wa kansa sabon kati mai muƙamin Babban Daraktan Sadarwar Karkara. Kuma a yaba masa, manoma sun shaida sikelin ya daina katsewa, sai fa in Darakta ya zaga fitsari.