Farin Fenti a Layinmu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da iyayen saurayin Rahila suka zo gaisuwa gidanmu a Clinton ba. Rahila ce 'yata ta fari. Abu ɗaya nake roƙon Allah ran nan: mutanen nan su tafi suna cewa ɗansu ya nemi 'yar gidan mutunci.

Sati guda muna goge-goge, ga aikin asibiti, bayana kamar an yi mini duka. Da safe na fito na kalli itacen elm da ke ƙofar gida, siriri, gindinsa tsirara. To, ni ɗan makarantar kwana ne a Filato. A wurinmu in babban baƙo zai zo, gindin itace da duwatsu duk sai sun sha farar ƙasa. Farar ƙasa kuwa ina zan same ta a Maryland? Na ɗauko ragowar fentin mai a gareji.

Da na gama namu, sai na ga ya fita daban, na maƙwabta kamar marayu. Na bi layin kaf, itace bakwai (ba wanda ya aike ni, wallahi). Maman Rahila ta leƙo ta ce, "Baban Rahila, ka tambaya kuwa?" Na ce tun yaushe ake neman izinin tsabta?

Baƙi sun zauna, an yi addu'a, uban yaro, tsohon soja ne, ya gyara murya zai faɗi abin da ya kawo su. Sai ƙararrawar ƙofa. Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa Ba'amurkiya, idonta jajur. Ashe shekara da shekaru take zarya kafin hukuma ta dasa itatuwan nan. Wani iri ne da aka zaɓo don ba ya saurin kamuwa da cutar da ta cinye manyan itatuwan layin tun tana yarinya. Fentin mai kuma, in ji ta, illa yake yi wa ɓawon ƙaramin itace. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi in zo in goge tun bai gama bushewa ba.

Rahila ta sunkuyar da kai. Ni kuwa da babbar rigata na durƙusa a bakin titi, bokiti da tsumma, ina ta gurza, gwiwa tana kuka. Na riga na sallama cewa magana ta lalace.

Sai na ji mutum tsaye a kaina. Uban yaron ne, hannu a baya, yana duba layin ɗaya bayan ɗaya kamar ranar fareti. Can ya ce, "Baban Rahila, ka ba ni kunya." Na ɗaga kai na dube shi. Ya ce, "Fentin wani itace ya kai gwiwa, na wani ƙugu. A barikinmu da igiya ake aunawa." Ya naɗe hannun riga ya karɓi tsumma ɗaya.

An yi auren. Itatuwan sun rayu, amma fentin bai gama fita ba har yau, kuma da shi ake yi wa baƙi kwatancen gidana. Yanzu ko ciyawa zan cire a ƙasar nan, sai na tambayi Maman Rahila, ita kuma ta tambayi tsohuwar.