Matar da ke bi na ranar Laraba

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba.

Bari in ɗan koma baya. Ni 'yar fari ce, kuma tun daga yaye kakata ta ɗauke ni zuwa gidanta a Ƙofar Kuyambana. Ita ta tsaya tsayin daka na yi sakandare. Da ta rasu bara, aka kwaso ni da akwatina zuwa gidanmu a Ƙofar Kibo, wurin Inna mahaifiyata, wadda saboda kunyar 'yar fari ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. In tana so in ci abinci sai ta ce da ƙanwata, "Ki ce da waccan tuwo na hucewa." Na san al'ada ce. Amma zuciyata ta ce a'a, matar nan ba ta ƙaunarki ne kawai.

Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, ga kuka ba dalili. An sha rubutu, an yi hayaƙi, daga ƙarshe Baba ya ce in je babban asibiti. Can aka haɗa ni da wata Sista mai gilashi, a ɓangaren da mutanen gari ke kira na masu taɓin hankali. (Ga shi kuma an kawo gaisuwar Malam Sani, malamin firamare, ina son sa, danginsa suna tsakiyar bincike a kaina. Ku auna da kanku.)

Na zaci allura za ta yi mini, sai na ji tambayoyi. Da wa kike hira a gida? In ranki ya ɓaci wa kike gaya wa? Na dube ta sama da ƙasa, na ce a raina wannan 'yar rahoto ce aka sa wa farin kaya.

"Sista, ina ruwan ciwona da mutanen gidanmu?"

"Da ruwansa mana," in ji ta. "Kin rasa wadda ta raine ki, kin koma gidan da kike baƙuwa, ba ki da abokin magana. So nake ki yi kukan kakarki ya fita, ki kuma koyi buɗe baki ki tambayi mutum abin da yake nufi, ki daina yanke masa hukunci a zuci. In tsakaninki da mutanenki ya gyaru, barci zai dawo da kansa. Aikinki na wannan mako, ki yi wa Inna tambaya guda, baki da baki."

Na ce to. Ban yi ba, don na sami aikin da ya fi wannan: na gano ana bi na.

Duk Laraba in na fito za ni asibiti, sai ga wata mata a bayana, lulluɓe da tsohon zanen saƙi, ido ɗaya kaɗai a waje. In na tsaya, ta tsaya gyaran takalmi. In na shiga bas a Ƙofar Doka, ta lallaɓa kujerar baya. Nan na yi lissafi irin namu na masu satifiket. Malam Sani yana da wata gwaggo, Gwaggo Asabe, ban taɓa ganin ta ba, amma an ce ta taɓa rusa aure don kakan amarya yana magana shi kaɗai. To wa zai zama in ba ita ba? Na shiga canza lungu, yau ta bayan masallaci, gobe ta marina, har kwando nake riƙewa wai kasuwa za ni. Tana nan.

Na kai ƙara wurin Sista ina kallon fuskarta, ko zan gano bakinsu ɗaya ne da matar. Cewa ta yi, "Kin tambaye ta?"

Na ɗauki shawarar, sai dai na zuba mata barkono. Larabar da ta biyo, a Ƙofar Doka, ga masu jiran mota, ga 'yan keke, ga mai fura, na juya na tare matar.

"Baiwar Allah, ya isa haka! E, asibitin mahaukata nake zuwa, duk Laraba! Je ki gaya wa Malam Sani da danginsa kaf, munafuka!"

Na kai hannu na fizge zanen.

Inna ce. Innar da ke cikin kulle, wadda ban taɓa gani a waje da rana ba, cikin zanen aro na maƙwabciyarmu. Na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi. Ita kuwa ko kallo na ba ta yi ba. Ta juya wurin mai fura ta ce, "Ki ce da waccan ɗankwalinta ya faɗi."

"Ai ta ji, Hajiya," in ji mai fura. "Duk Ƙofar Doka ma sun ji."

Wani ɗan keke ya leƙo: "Wane Malam Sanin? Mai babur?"

A cikin bas, da na ga ba sauran abin da zan rasa, na yi aikin da Sista ta ba ni. Na ce, "Inna, me ya sa?"

Ta mai da fuskarta wajen taga. Sannan ta ce, "An ce masu shiga ɓangaren nan, wasu ba a sakin su. Na roƙi Malam, mahaifinki, ya bar ni in fito. Na ce in za su riƙe ta, su riƙe mu tare."

Wannan ce maganar farko da ta yi mini ba ɗan aike. Na yi kuka har asibiti, yaron mota yana ta ba fasinjoji haƙuri. Ranar kuwa na yi barci kamar an yi mini duka.

Ita Gwaggo Asabe, baiwar Allah, ashe ko zaure ba ta taɓa fitowa don ni ba. Kafin la'asar labari ya same ta har ɗaki, da sunan Malam Sani a ciki. Har yau ba su aiko da komai ba, kuma duk sallamar da na ji a zaure sai gabana ya faɗi. Jiya dai na ji Inna ta katanga tana ce wa maƙwabciya, "In sun fasa, su suka yi asara."

Abin da na koya shi ne Sista ta yi gaskiya, a tambayi mutum. Sai dai ta manta ba ta ce mini a yi tambayar a hankali ba, kuma a yi ta kafin a fizge zane.