Jan Biro a Gefen Ƙamus

"…Lafiya ƙalau na kwana, tunda mijin da na aura ya mai da ni bazawara da ransa. Shigo, amma ka bar wannan takalmin mai warin kasuwa a waje."

Malama ke nan take amsa gaisuwar jikanta tun bai gama hawo benen ba. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da Turanci, yanzu kuwa ɗalibanta su ne rediyo da agogon bango, sai wata kujera a bakin taga da ba wanda ya zauna a kanta shekara uku. Jikan mai gyaran waya ne, shi ya sa take ce masa Likita, ko da yake a cewarta duk garin nan wayarsa ce kaɗai ba ta iya kiran kaka. Sati biyu da suka wuce ta aike shi da ƙamus ɗinta wurin mai ɗinkin littattafai, don bangon ya rabu da jikinsa.

Ƙamus ɗin nan kuwa ba na wasa ba ne. Marigayi mijinta mai duba kurakurai ne a gidan jarida, kuma yana da wata ɗabi'a: duk sanda ya ji an yi amfani da kalmar Turanci da sabuwar ma'ana, sai ya buɗe shafinta ya rubuta a gefe da jan biro, har da kwanan wata. Ita kuma ta bi ƙasa da shuɗi ta ƙaryata shi. Shekara arba'in suka yi suna wannan faɗa a gefen takarda. Shi ya sa sau uku tana nanata wa Likita cewa a ɗinke, amma kada a taɓa gefe.

"Wa zai zauna da mace mai haƙora huɗu?" in ji Likita, yana riƙe da wani ƙunshi a bayansa.

"Biyar ne, kuma kowanne ya fi ka aiki. Ina aikena?"

"Wannan kayan tarihin? Sai da na roƙi mutumin kafin ya karɓa. Ya ce shi littafi yake ɗinkawa, ba likkafani ba."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani."

"Wane magani? Na nemi Turancin gajimare a ciki, wai abin da ke kawo ruwa. Mu ko yanzu a can muke ajiye hotuna. Na nemi ɓera, wai dabba mai sata. Ki zo shagonmu ki ga ɓeran da ke tuƙa kwamfuta."

Malama ta taɓe baki, ta ce kakansa ya riga shi jin duk waɗannan, suna nan a rubuce a gefe da ranar da ya ji su a rediyo, tun Likita yana yawo ba wando. Ta ce ita kanta kwamfutar da yake taƙama da ita, da can sunan mutum ne mai zaman buga lissafi. Kalmar da Turawa ke kiran yarinya da ita kuwa, a da kowane yaro take nufi, mace ko namiji.

"Kuma wadda suke yabon mai kirki da ita yau, asalinta wawa take nufi. In ka ji Bature ya kira ka da ita, to ɗan gargajiya ne."

Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. Daga nan ya shiga ba ta labarin cunkoson hanya, da wata mata da ta wanke wayarta da sabulu, da tsadar batir. Wanda duk ya yi shekara talatin a gaban allo ya san yaron da bai yi aikin gida ba, don shi ne ya fi kowa surutu.

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta," ta ce. "Miƙo."

Ya miƙa. Bango sabo fil, baƙi mai sheƙi, bakin takardun kuwa sumul, fari tas kamar yau aka buga. Haka masu ɗinkin littafi suke aikinsu: in sun gama ɗinki sai su sa littafin ƙarƙashin babbar wuƙa su daidaita gefe uku. Ta buɗe shafin gajimare. Jan rubutun yana nan, amma kowane layi an yanke masa rabi. Ta buɗe wani shafin, ta sake buɗe wani, duk haka.

Likita ya sunkuyar da kai, ya ce ranar da ya kai littafin wani mai waya ya kira shi yana ta faɗa, sai ya ajiye ya fita da sauri, bai faɗi saƙon ba. Sai jiya ya tuna, ya rufe shago ya ruga, ya tarar wuƙa ta riga ta sauka.

Malama ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai shafa bakin takardar da yatsa, tana kallon kujerar nan ta bakin taga, wurin zaman marigayi.

"Garin neman gira an rasa ido," ta ce a hankali. "Kullum da la'asar nakan buɗe in yi masa gardama. Shi kaɗai ya rage mai amsa mini a ɗakin nan, ga shi ka sa an yanke masa harshe."

Sai ya zuge jakarsa ya fito da kwalin waya guda uku. Ya buɗe ɗaya: cike yake da siraran takardu kamar zare, ja da shuɗi a jikinsu. Ya ce da gwiwa ya shiga ƙarƙashin teburin mutumin yana tsinta, fanka tana watsa su yana bi, har mai shagon ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Ya ajiye ɗan hantsakinsa na aiki da madubin ƙara girma da salatif a kan tebur.

"Wanda ke haɗa wayar da mota ta taka, takarda ce za ta gagare shi?"

Ta zaro zare ɗaya ta kai kusa da ido. Shuɗi ne, hannunta ne, an rubuta "…rya kake, Malam." Dariya ta kuɓuce mata, ta sa bakin mayafi ta goge ido.

"Shafi dubu da ɗari biyu ne, ragon miji. Aikin shekara biyu ke nan, in kana zuwa kowace Lahadi."

"Kowace Lahadi? Ni da tsohuwa? Me zan ce wa 'yan matana?"

"Ka ce musu uwargida ta kama ka da laifi."

Ya naɗe ƙafa zai zauna a ƙasa, sai ta ce ya tashi ya hau kujerar bakin taga, can ya fi haske. Ya tsaya yana kallonta. Ta ce ba ta son sanyin jiki, kujera ce ba kabari ba. Da ya zauna, ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wani tsohon jan biro da haƙori ya tauna murfinsa, ta ajiye a gabansa.

"Ya bushe, ka nemo masa tawada. In ka ji wata kalmar ta sake riga a shagonku, ka rubuta, har da kwanan wata. Ni kuma zan ƙaryata ka."

"In gaskiya na rubuta fa?"

"Kakanka ma gaskiya yake rubutawa," ta ce, tana laluben shuɗin bironta.