Injiniya Kore-Shar Ya Taimaki Duniya

Allah ya yi wa ofishin nan baiwar da bai yi wa sauran ofisoshi ba, ya ba shi Injiniya Kore-Shar. Mutum ne mai allon kwamfuta uku a tebur ɗaya: guda na aiki, biyu na kwarjini. Ko tari ya yi, sai ya waiwaya ya ga ko an amfana.

Sunan ma da guminsa ya samo shi. Masu rubuta manhaja in sun gama aiki sukan sa masa gwaji, wato 'yan tambayoyin da kwamfuta za ta yi wa aikin. In lafiya, allo ya nuna kore. In da matsala, ya nuna ja. Kowa a ofis ya sha ja har ya ƙoshi. Injiniya kuwa shekara bakwai ja bai san hanyar teburinsa ba.

Ana nan sai shugaban sashe ya yi ritaya. Manaja ya ce mai son kujerar ya kawo aikin da mutanen waje suka duba suka karɓa. Injiniya ya gyara wuyan riga.

Akwai wata manhaja ta kyauta da kamfanoni da yawa ke amfani da ita. Aikinta na magatakarda ne, duk abin da ya faru a cikin kwamfuta ta rubuta, da lokacinsa. Kowa na iya aika gudummawa, amma sai wata dattijuwa mai kula da ita ta duba ta amince. Wannan baiwar Allah Injiniya ya zaɓa ya yi wa alfarma.

"Mutanen nan suna cikin wahala," in ji shi a wurin shan shayi. "Allonsu ja, ja, ja, sai ka ce mayanka. Zan ba su kayan gwaji irin nawa, sadaka. Ba na neman godiya."

Maƙwabciyar teburinsa, mai allo ɗaya tal, ta ce, "Yaya Injiniya, ka taɓa ɓata aikin da gangan ka ga ko zai nuna ja?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ƙanwata, sai in karya ƙafata don in gwada asibiti? Bi a hankali, za ki iso."

Ya aika kayan tare da wasiƙa shafi huɗu, uku da rabi tarihin rayuwarsa, ya rufe da roƙon a rubuta sunansa daidai. A gida kuma ya shaida wa uwar yara cewa daga wata mai zuwa "Shugaba" za ta riƙa kiransa, gara ta fara sabawa. Ta ce to, Shugaba ya kawar da takalmansa daga ƙofa.

Amsar dattijuwa ta iso ana shirin shiga taro. Ya hango layin farko, "Mun gode ƙwarai," ya ga ai sauran ba sai ya wahalar da ido ba. Ya haska ta a bango gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, karanta da bakinka, kada a ce na yabi kaina."

Manaja ya karanta: "Mun gode ƙwarai. Na gwada kayanka, kore. Na ɓata layi ɗaya na manhajar da gangan, kore. Na goge manhajar baki ɗaya, ban bar ko harafi ba, har yanzu kore, yana ma yi mini albishir an ci gwaji ɗari biyu. Da na leƙa ciki, sai na ga duk kuskuren da ya taso kayanka na cafke shi ya haɗiye, ya rubuta lafiya lau."

Manaja ya tuna shekara bakwai na aikin da aka miƙa wa jama'a da wannan lafiya lau, ya nemi ruwa.

Injiniya ya miƙe. "Tsaya, tsaya! Manhajar da babu komai a cikinta, ta ina kuskure zai fito? Ai gwajina gaskiya ya faɗa!"

"Zauna, da saura," in ji manaja. Ya ci gaba: "Amma aikinka ba zai tafi a banza ba. Mun buɗe wa masu koyo shafi kan yadda ba a rubuta gwaji, naka ne a sama. Sunan kuma mun duba sau biyu, an rubuta daidai."

Kujera dai ƙanwa mai bi a hankali ta iso ta hau. Aikinta na farko, ta zo teburinsa da sallama, ta cire wa kayan gwajinsa layin da ke haɗiye kuskure.

Ranar ne alluna biyu na kwarjini suka fara aiki. Allo ɗaya ya kasa ɗaukar jan da ya fito.