Hancin Mijina da Takardar da Kuka Soke

Zuwa ga Masu Girma, Masu Hangen Nesa, shugabannin ofishin da ke yanke hukuncin wane magani ne sai da takardar likita,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan hantunanku suna shaƙar iskar ofis lafiya lau. Na rubuto ne in yi godiya kan 'yancin da kuka ba mijina Desmond. Yanzu maganin fesawa a hanci yana kan kanta kusa da man goge baki, kowa ya miƙa hannu ya ɗauka. Madalla da ku.

Na ɗaya. Desmond manomin alkama ne, shekararsa sittin da bakwai. Rago ya taɓa tsaga masa gwiwa, ya naɗe da tsumma ya koma kan tarakta. Abu guda ke kai shi gaban likita: watan Oktoba, idan ciyawa ta yi fure, yakan yi ta atishawa har kare ya ɓuya ƙarƙashin mota. Dole sai magani, magani kuwa sai takarda. Ranku ya daɗe, kun tambayi matar manomi ko ɗaya kafin ku tsinke mana wannan igiya?

Na biyu. Kun hutar da mu tafiyar awa biyu, mun gode. A ƙarshen tafiyar nan ne Likita Prakash takan rubuta takardar, ta riƙe abarta a hannu, ta ce, "Cire riga tukuna, Des." Haka ta gano hawan jininsa. Haka kuma, shekara uku da suka wuce, ta ga wani baƙin tabo a bayan kunnensa. Aka yanke, aka ce ciwon daji ne, da an ƙara wata shida, da yanzu ni kaɗai nake shan shayin safe.

Na uku. Jiya ya dawo daga gari yana ɗaga kwalba uku kamar wanda ya ciwo kofin ƙwallo.

"Noreen, tsohuwata, daga yau ni ne likitan kaina!"

Na ce, "To, likita, wannan sabon tabon na wuyanka fa?"

"Cizon ƙuda ne."

Ƙudan nan wata huɗu ke nan yana cizon wuri ɗaya.

Na huɗu. Na ga kun rubuta a jikin kwali cewa a tuntuɓi likita idan abu ya ƙi ci. Wa zai karanta? Mutumin da ko takardar aurenmu bai karanta ba?

Ban ce ku janye ba. Roƙona ƙarami ne. Na gaya masa kun fito da sabuwar doka, cewa duk namijin da ya haura sittin sai likita ta duba shi kafin ya fesa. Na kama masa layin ganin likita na ranar Alhamis mai zuwa. Bai yarda ba, ya ce zai kira ofishinku ranar Litinin ya ji da kunnensa. Don girman kujerunku, ku yi abin da kuka fi ƙwarewa a kai: kada ku ɗaga wayar.

Taku mai biyayya har ƙasa,
Noreen Pascall
Gonar alkama, yamma da Ouyen