Rasuwar 'Yar Gadarif, Gangar Zaman Alhamis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai huce ba, Malam Ɗan'inna mai ɗinkin kujerun mota a unguwar Sultana yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk Hausawan Madina, na Sudan da na Cadi da waɗanda aka haifa a nan, rasuwar gangarsa wadda aka fi sani da 'Yar Gadarif. Ta rasu a watan jiya, bayan la'asar, a kan rufin wani gida a unguwar Uhudu, a gaban kyamara da manyan mutane masu hankali, ba tare da ɗayansu ya ce a dakata ba.

An jinkirta wannan sanarwa ne don mai ita ya tsaya ya ga ko wani zai tashi ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ya jira, ba wanda ya tashi. Ga shi ranar Alhamis mai zuwa za a haska fim ɗin da aka kashe ta wajen ɗaukarsa, kuma a ciki za a ga jikinta amma muryar da za a ji ba tata ba ce. Ya roƙi a cire ta daga fim ɗin, an ƙi. Don haka jama'a su karanta su san wadda aka rasa da yadda aka yi aka rasa ta.

An sassaƙa marigayiyar a Gadarif, a hannun yayan mahaifin Ɗan'inna. Ta haye teku daga Sawakin zuwa Jidda a kan cinyar mai ita, a naɗe cikin bargo, lokacin shi kansa gemu bai fito masa ba. Wajen sauka daga jirgi aka ture shi, ta faɗi, ta sami 'yar tsaga siririya a gefe. Da ya iso Madina sai ya nemi ɗanyar fatar bijimi a wajen wani mahauci, ya yanka ta dogo, ya ɗaure ƙugun gangar da ita. Fatar ta bushe ta kama icen gam, ta riƙe shi sama da shekara arba'in. Gumi da man hannu sun mai da ɗaurin baƙi ƙirin. Ba shi da kyan gani, wannan gaskiya ne, kuma marigayiyar ba ta taɓa cewa kowa ta zo Madina don a kalle ta ba.

Ta yi biki da suna a gidajen da ba za su ƙirgu ba, amma inda aka fi saninta shi ne Zaman Alhamis. Ga wanda bai sani ba, wasu ma'aikata ne, direbobi da teloli da masu gyaran sanyi, da suke kama istiraha guda, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari kowace Alhamis, kowa ya zo da abin kiɗansa. Ba su da waƙar da aka tsara. Wani zai ɗauko kiɗan Sudan, wani ya karkatar da shi ya koma na Hijaz, wani ya tsoma na Kano a tsakiya, a yi ta tafiya har a manta daga inda aka taso. In an ɓace, kowa ya kama gabansa, sai a ji ta daga can ƙasa: gidim, gidim-dim, zzz. Kowa ya dawo hanya. Aikinta ke nan, kuma ba ta taɓa neman tafi a kai ba.

Tana da wata siririyar tsirkiya da aka gitta a kan fatarta, wadda take sa muryarta ziza kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Tsofaffin unguwar Al-Sih suna cewa da zizar nan suke gane ta tun daga bakin titi. Ba ta yi wa kowa katsalandan. In Bakri, abokin Ɗan'inna tun suna samari, ya ɗauki udunsa, garayar nan ta Larabawa, yana jan dogon kiɗa, takan yi ƙasa da murya ta bar masa fili, ko da ya yi kuskure, kuma yana yi. In ladan ya ɗaga murya ba sai an ce mata ta yi shiru ba.

Abu ɗaya take so a duniya, shi ne a ɗumama ta kafin ta yi magana. Ɗan'inna yakan hura gawayi a kasko, ya jira harshen wuta ya mutu, toka ta rufe garwashin, sannan ya sa tafin hannunsa tsakanin kasko da fata yana juya ta a hankali. Abin da hannu bai iya jurewa ba, fata ma ba za ta jure ba. Yana yi yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, tana amsawa, tib, tib, har ta ce tam. Wannan yakan ɗauki lokacin shan shayi da hira. Shekara da shekaru ba wanda ya ga tsawonsa, sai da kyamara ta zo.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da Saif, jikan gidan da aka yi rasuwar, ya shigo istiraha da kyamara ya ce zai yi fim a kan Zaman Alhamis don jama'a su san kansu. Saif haifaffen nan ne, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Niyyarsa mai kyau ce, kowa ya faɗa, kuma mai ita ya gaji da jin wannan magana. Aka yi ta ɗauka. Mutanen da ba su taɓa zuwa da wankakkiyar riga ba suka fara zuwa da turare. Abdulrauf mai fiyano, wanda yake liƙa baƙar leda a gilashin motoci a Sultana, ya koma kiɗa da tabarau. Bakri ya rina gemu.

Sai wata rana Bakri ya zo shago ya ce a ba shi aron gangar.

"Hoto kawai za a yi mata, ya zol, mutumina. Gobe tana gida."

Ɗan'inna bai taɓa ba kowa aronta ba, amma Bakri ne. Washegari Bakri da Saif suka dawo da ita tana ƙyalli kamar sabon teburin amarya, an shafe ta da man kafintoci, kuma ƙugunta tsirara. An sa wuƙa an yanke ɗaurin. Ɗan'inna ya daɗe yana juya ta, sannan ya tambayi ina fatar.

"Ya Ammi, ba ta fita a hoto," in ji Saif, rabi da Larabci, Ammi kuwa baffa ke nan. "Kamar tsumma take. Mu gama ɗauka, halas, sai ka ɗaura sabuwa."

Ya dubi Bakri. Bakri ya duƙa yana gyara igiyar udunsa, wadda ba abin da ya same ta.

Daga nan marigayiyar ba ta ƙara lafiya ba. Ana ɗauko ta daga ɗaki mai mukayyif, na'urar sanyi, a jefa ta bayan mota a tsakiyar zafin Madina, a sauke, a mayar. Tsohuwar tsagar ta fara buɗe baki. Ɗan'inna ya ɗaure ta da igiya, aka ce igiyar ma ba ta fita a hoto. Ya ce to sharaɗinsa ɗaya ne, ba mai ɗumama ta sai shi. Kowa ya ce na'am, har da masu rantsuwa.

Ranar ƙarshe aka hau rufin gidan kakar Saif don dutsen Uhudu ya fito a bayansu rana tana shirin faɗuwa. Ɗan'inna ya sauka tsakar gida hura gawayi, tunda tsohuwar ta ce ba a kai mata wuta sama tana ci. Yana fifita yana jin Saif daga sama yana cewa haske zai tafi, yalla, yalla. Abin da ya biyo baya ya ji shi ne daga bakin kakar, wadda take zaune tana kallo kuma ba ta ga dalilin ɓoyewa ba. Abdulrauf ya ce ai yana da istishwar a jakarsa, wato na'urar hura zafi da yake narka leda da ita a jikin gilashi, kuma abin da gawayi yake yi a zaman shayi ita za ta yi shi kafin a ƙifta ido. Ya jona ta a wuta. Ana bukatar wanda zai riƙe gangar, Bakri ya riƙe. Ba wanda ya sa hannu tsakani. Fata ta ɗaure, ta ƙara ɗaurewa, tana jan tsohon icen da aka riga aka tuɓe.

Ɗan'inna yana kan matakala da kasko a hannu ya ji ta. Ƙwas. Sau ɗaya, ba ziza. Da ya ƙarasa hawa, icen ya rabe daga sama har ƙasa, fatar ta nannaɗe kamar ganyen da ya ƙone. Fata kam an sha sake mata, ba wani abu ba ne. Ice ne ba a sakewa. Ya ajiye kaskon a ƙasa a hankali don kada ya ƙona wa tsohuwa darduma, ya tattara gawar, ya sauka. A bayansa ya ji Abdulrauf yana cewa dama ta tsufa.

Bayan makonni Saif ya zo shago da fim ɗin a waya, wai don girmamawa, Ammi ya fara gani kafin kowa. Ɗan'inna ya ajiye allura ya kalla daga farko har ƙarshe. Ga shi nan a ciki, ga hannunsa, ga gangarsa, amma abin da yake fita wani ƙanƙararren dum-tak ne mai santsi, irin wanda fiyanon Abdulrauf yake yi in an danna maɓalli. Ya tambayi ina muryarta, tun ta ranakun da take da lafiya.

"Tana zzz, zzz, ya Ammi, tana ɓata sauti. Na tsabtace. Amma duba ƙarshe, na sa sunanta, sadaukarwa."

Ya ce a cire ta gaba ɗaya, da ita da shi da sadaukarwar. Saif ya ce ba zai yiwu ba, ita ce zuciyar fim ɗin, kuma an riga an gayyaci mutane. Mai ita yana so a rubuta a nan cewa ba a tsabtace 'Yar Gadarif ba. An toshe mata baki, aka sa wata ta yi magana da fuskarta.

Marigayiyar ta bar gula guda, lanƙwasasshen sandan da ake kaɗa ta da shi, wanda yake rataye a ƙusa bai san abin da zai yi da kansa ba. Ta bar bargonta da kaskonta. Ta bar udun Bakri, wanda tun rasuwarta ake cewa in ya tafi dogon kiɗa ba ya gane hanyar dawowa. Ta bar fiyanon Abdulrauf, wanda ya gaji kujerarta tun ba a share wurin ba, yana buga abu ɗaya daga farkon zama har ƙarshe, ba ya gajiya, ba ya sauraron kowa, ko ladan ya kira salla sai an tashi an kashe fiyanon. Ta kuma bar Fatna, matar mai ita, wadda ta shekara talatin tana cewa a fitar mata da wannan kututture daga ƙarƙashin gado, amma ranar da aka shigo da ita a rabe ita ce ta shimfiɗa tabarma.

"Baban Sumaya, kai dai da ka yi magana da ƙarfi ko sau ɗaya," abin da ta ce ke nan, ta shiga wanke bargo.

To ga shi ya yi.

Ana karɓar gaisuwa daga kowa, sai dai ana roƙon masu zuwa su bar "malesh", wato a yi haƙuri, a bakin ƙofa tare da takalmansu, an ji ta ya isa. Wanda ya aiko da sabuwar ganga mai fatar roba daga kasuwa ya aiko a ɗauke masa abarsa, tana nan a kwalinta.

Za a yi sutura ranar Alhamis mai zuwa bayan magariba a gidan Malam Ɗan'inna da ke Al-Sih, daidai lokacin da za a kunna majigi a istiraha. An san lokacin ya zo ɗaya, ba kuskure ba ne. Ba za a yi mata salla ba, ice ce da fata, mai ita ya sani, ba sai malamai sun aiko ba. Za a haɗa ɓarin jikinta biyu a ɗaure da sabuwar ɗanyar fata. Wannan ba zai dawo mata da murya ba, amma ba za a ajiye ta tsirara ba. Za a naɗe ta a bargonta a sa a akwatin ƙarfen da suka hayo teku tare. Akwai shayi da dabino, ba kiɗa, ba kyamara. Ɗaurin yana bukatar mutum biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya ja. An bar wa Bakri wurin mai riƙewa, tunda an shaida ya iya. In bai zo ba Fatna za ta riƙe, kuma daga ranar ya nemi wani shagon shan shayi.

Wanda ya zaɓi majigi, ba a hana shi ba, sai dai ya je da wuri kada farkon ya wuce shi. Kafin sunan fim ya bayyana, allo yana baƙi, za a ji ƙwas sau ɗaya. Saif ya ce sautin yana da ƙarfi, ya dace da buɗewa, shi ya sa ya bar shi. A duk tsawon fim ɗin wannan kaɗai ne muryar 'Yar Gadarif. Wanda ya ji shi ya yi tafi, ba sai ya biyo gaisuwa ba.