Ranar da kwamfuta ta kira surukina dolo

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da Baba Yohanna ya shigo ajinmu na koyon rubuta manhaja a unguwar Television. Tsohon hedimasta ne, kuma mahaifin Rahila, wadda nake nema a lokacin. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce zai zo ya ga "wannan aikin danne-dannen" da nake cewa zan riƙe masa 'ya da shi.

Ni na haɗa ɗan kwamfailan da ɗalibanmu ke amfani da shi, wato manhajar da ke karanta abin da ka rubuta ta juya shi yadda kwamfuta za ta gane, in ka yi kuskure kuma ta faɗa maka. Na yi shi ne don saƙonnin kuskure su riƙa fitowa da Hausa. To, lokacin da nake gina shi ni kaɗai nake gwaji, kuma ni mutum ne mai yi wa kansa faɗa. Duk saƙon da na rubuta, da kaina nake. Daga baya na bi na gyara su (haka dai na yi zato).

Don in burge, na zaunar da Baba a gaba, na haɗa kwamfutarsa da furojekta. Ya gyara tabarau, ya rubuta layinsa da yatsa ɗaya. Ya buɗe baka, wato alamar nan ta "(", bai rufe ba, ya danna.

Sai ga shi a bango, da manyan haruffa: KAI DOLO, YAU MA? RUFE ABIN DA KA BUƊE.

Wata Hajiya daga Makera ta ja gyale ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Rahila ta sunkuyar da kai. Ni kuwa gumi ya wanke ni har cikin takalmi, na tabbata aure ya tashi.

Baba ya karanta a hankali, da ƙarfi, kamar yana duba jarrabawa. Ya nemo bakan ya rufe, ya sake dannawa, abu ya yi aiki.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Baba. Da kaina nake, ba da ku ba."

"Na gane. Rabi na biyu malami ne ya rubuta, ya faɗa mini abin yi. Rabin farko kuwa wanda bai taɓa riƙe aji ba ne. Cire zagin, ka sa layin da na yi kuskure, ka nuna mini yadda daidai ɗin yake. Oya, mu ga sauran."

Da ya so ya yaga ni a gaban ɗalibaina, babu mai hana shi. Maimakon haka ya mai da abin darasi, kuma har yau ina gode masa. Asabar bayan Asabar na riƙa zuwa Unguwar Boro, yana karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Wannan ya faɗi laifi, bai faɗi mafita ba." A wajen wannan zaman ne ya ce in turo manyana.

Yanzu duk saƙon kuskuren da zan rubuta, sai na ɗauka surukina ne zai karanta shi a bango. Shi kuwa, in na shiga gidansa na bar get a buɗe, daga kujerarsa yake cewa, "Ɗana, rufe abin da ka buɗe." Rabin farkon ni nake ƙarasa shi a zuci.